Tafi Gida Ki Huta

A shagon ɗinkin Mama akwai wata doka da ba a rubuta a bango ba, amma ko jiya kika fara aiki kin san da ita: marar lafiya ba ta zama a kan keke. Ki yi tari sau biyu a jere, ko ki dafe kai, kafin ki ɗago Mama na tsaye a kanki da tef a wuya. "Tashi, tafi gida ki huta." Kuma ba a nan take tsayawa ba. Sai ta buɗe wani tsohon littafi mai baƙin bango inda ta rubuta lambar wayar mutanen gidan kowa, ta kira miji ko wa ko uba, ta ce a zo a ɗauke ki. Ba ta yarda mace marar lafiya ta tsaya bakin titi tana tsaida mota.

Mutane suna yaba mata, ita ma, a faɗi gaskiya, tana jin daɗin yabon. Amma dokar tana da tushe. Tana da shekara ashirin da biyu ta yi aiki a hannun wani tela mai busasshiyar zuciya. Wata safiya, da cikin wata biyar a jikinta, ta ce masa mararta na murɗawa, ya ce ta gama wandunan da ke gabanta tukuna. Ta gama su. Cikin nan bai kwana ba. Tun daga ranar ta yi wa kanta alkawari, in Allah ya ba ta nata shagon, ba macen da za ta roƙe ta izinin zuwa gida. Shekara talatin ke nan ba ta saɓa ba.

Shagon dogon ɗaki ne a bayan wani kantin kayan gini. Kekuna tara a layi biyu, teburin yanka a tsakiya, teburin guga a bakin taga, sai wani ɗan ɗaki a ƙurya inda ake tara buhunan ƙyallaye. Kayan makaranta suke ɗinkawa, riguna da wanduna da siket, dozin-dozin, kowace mace da sashenta. Sunan yanka kuwa ya daɗe da ɓata a wurin. Akwai Mai Guga, dattijuwar da ta girmi Mama da shekara biyu, ita kaɗai ke iya kallon idonta ta faɗa mata magana. Akwai Rediyo mai ɗinkin aljihu, wadda bakinta ba ya mutuwa ko an ɗauke wuta, kullum da sabon labarin mijinta: yau ya zuba gishiri a shayi, gobe ya fita da takalmi wari da wari, a yi ta dariya har da riƙe ciki. Sai kuma 'Yar Kwala.

Duk wanda ya taɓa riƙe allura ya san kwala, wato wuyan riga, ita ce mutuncin riga. In ta karkace, ko da zaren zinariya aka ɗinka sauran, rigar ta tashi a banza. 'Yar Kwala kuwa, tsinin kwalarta biyu sai su zo daidai wa daida kamar an auna da ma'aunin magani. Siririya ce, marar hayaniya, ba ta wuce talatin ba. Takan kai 'yarta makarantar da ke ƙarshen layi, sannan ta zauna a bakin shago tana jiran maigadi ya buɗe. Ita ce ta farkon zuwa, ita ce ta ƙarshen tashi. Da an tashi cin abincin rana sai ta shige ɗakin ƙyallaye ta kwanta a kan buhu, ta yi wani irin barci mai nauyi, sai an girgiza ta.

"Wannan barci naki, ko gadin dare kike yi ba mu sani ba?" in ji Rediyo.

Sai ta yi murmushi kawai ta koma kan kekenta.

Shekara huɗu ba ta taɓa neman hutun ko yini guda ba. Mama kan tsokane ta, "Ke ko aljanin keke ne ya aure ki? Ki riƙa tausaya wa surukina mana, ya riƙa ganinki da rana." Surukin nan shi ne mijin 'Yar Kwala, mai gyaran wuta, mutum mai tsafta da fara'a wanda har ƙasa yake durƙusawa in zai gaida Mama. Shi ya sake wa shagon wayoyin wuta gaba ɗaya bara. Wayar matarsa takan yi ƙara sau goma a yini daga cikin durowa, Mama ta ce, "Kai, wannan so! Ɗauki mana, kar ya suma." A rana mai zafin da kowa ke neman fanka, 'Yar Kwala na sanye da riga mai dogon hannu. Mama ta gani, ta ce a ranta yarinyar kunya ce da ita.

Wata Litinin da safe Mama na duba rigunan da aka gama kafin a miƙa wa Mai Guga, sai ta ci karo da abin da ba ta taɓa gani ba, kwala a karkace. Ta ɗaga ta biyu, ita ma haka. Ta uku ma tsini ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ta nufi keken 'Yar Kwala da rigunan a hannu, ta same ta ta ja gyale ya rufe rabin fuskarta.

"Ɗago in gan ki."

Ta ɗago. Idon hagu ya kumbura ya rufe ruf, leɓen ƙasa a fashe.

"Subhanallahi! Me ya same ki?"

"Ƙofar banɗaki ce, Mama. An ɗauke wuta ban gani ba."

"Shi ne kika zo aiki da ido ɗaya? Tashi. Tashi, tafi gida ki huta."

"Lafiyata ƙalau, Mama. Bari in warware waɗannan in sake su, yanzu-yanzu."

"Ki warware me? Shekara huɗu ba ki huta ba, yau Allah ya kama ki. Mako guda na ba ki. Kar in ga ƙeyarki a nan sai Litinin mai zuwa."

Sai 'Yar Kwala ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta kama wuyan hannun Mama ta riƙe gam, yatsunta sanyi ƙalau.

"Don Allah, Mama. Ki bar ni zuwa Alhamis. Alhamis kawai. Daga nan ko wata guda kika ce zan tafi."

Mama ta dubi hannun da ya riƙe ta, tausayi ya cika ta. Kanta ta gani a wurin, yarinya mai shekara ashirin da biyu da ke tsoron kar a raba ta da aikinta. Ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ba wanda zai taɓa miki keke, 'yar nan. Aikinki na nan yana jiranki. Ni ba irin waɗancan ba ce."

Daga bakin taga Mai Guga ta tsayar da dutsen guga a kan gindinsa. "Mama, da kin bar ta ta kwanta a ɗakin ƙyallaye."

"Ɗakin ƙyallaye asibiti ne? Mace da ɗakinta da gadonta da mijinta, ta kwanta a kan buhu kamar marar gata?"

Ta riga ta buɗe baƙin littafin. A tsakiyar shago ta tsaya ta yi kiran, da muryarta mai kaiwa titi. "Surukina, maza zo ka ɗauki matarka. Fuskarta ta kumbura suntum, duk shago an gani, hankalin kowa ya tashi. Haba, kai ma ka bar ta ta fito haka?"

Ko minti ashirin ba a yi ba sai ga shi a kan babur. Ya durƙusa ya gaida Mama, ya yi godiya kamar zai yi kuka. "Wallahi na ce ta zauna, Mama, ba ta jin magana ne." Ya miƙe ya bi matan shagon da kallo ɗaya bayan ɗaya, yana murmushi. 'Yar Kwala ta zare zaren daga allura, ta lulluɓe kekenta, ta tsaya tana gyara kusurwar murfin a hankali kamar ba jiranta ake ba. A bakin ƙofa ta waiwayo, ba Mama ta kalla ba, ƙofar ɗakin ƙyallaye ta kalla. Mama ta cusa mata ledar lemo a hannu, ta raka su har bakin titi, ta dawo zuciyarta fes, ta yi abin kirki tun da safe.

Talata ta wuce, Laraba ta wuce. Mama da kanta ta zauna tana ɗinka kwala tana mita, idonta ba kamar da ba. Mai Guga ba ta cewa uffan, gaisuwa ma da ƙyar take amsawa.

Ranar Alhamis wajen ƙarfe sha biyu wata motar haya ta tsaya a ƙofar shago. Wata tsohuwa ta fito, ƙafafunta sun kumbura saboda doguwar tafiya, ta yi sallama tana leƙa kekunan ɗaya-ɗaya.

"Sannu da zuwa, Baba. Ɗinki ne?" in ji Mama.

"A'a, 'yata na zo ɗauka, mai ɗinka wuyan riga. Ni ce gwaggonta, ƙanwar mahaifinta. Ta ce in zo Alhamis da sha biyu in tsaya a ƙofar shago, kar in je gidan, kar in kira wayarta. Ga mota can na riƙe. Ina take?"

Kekunan suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya har shagon ya yi tsit. Mai Guga ta zare wayar dutsen guga daga bango, ta shiga ɗakin ƙyallaye, ta jawo wani buhu daga can ƙasa ta zazzage shi a gaban Mama. Ƙyallaye suka zubo tukuna, sannan sauran: kayan yarinya kala uku, 'yan takalma, zannuwa biyu, wasu takardu a ƙulle cikin leda, katin asibiti, da hoton wata mata da ya koɗe.

"Wata uku tana kawo su ɗaya-ɗaya a ƙasan kwanon abincinta," in ji Mai Guga. "Yau za ta tafi. Da sha biyu za ta ɗauko yarinyar daga makaranta, su shiga mota, kafin mijin ya farga da yamma sun yi nisa. Ba ƙofa ba ce, Mama. Ba ta taɓa zama ƙofa ba. Na ga bayanta wata rana tana canza riga, ta sa ni na rantse ba zan faɗa ba."

Mama ta ja da baya. Ta zauna a gefen teburin yanka.

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Na ce ki bar ta ta kwanta. Kin ji ni? Ita ma ta riƙe hannunki ta roƙe ki, kin ji ta? Ke Mama, in kika tashi yin alheri ba kya jin kira." Mai Guga ba ta sassauta ba. "Shagon nan ne kaɗai inda hannunsa ba ya kaiwa. Barcin ranar nan da kuke mata dariya a kai, shi ne barcinta. Shi ne kika ɗauke ta kika ba shi, mako guda cur, har da lemo."

Ba wanda ya taɓa yi wa Mama magana haka a shagonta. Ta sunkuyar da kai. Kunya da tsoro suka haɗu suka rufe ta. Rediyo ma, da ake jiran ta ce wani abu, ta sunkuyar da kai tana ta murza wani aljihu a hannunta.

Mama ta kwashi kwala guda ashirin da aka yanka ta ƙulle a ƙyalle, don ta sami abin cewa in ta tarar da mijin. Suka shiga motar ita da gwaggon. A kwanar layin ta ce tsohuwar ta zauna a ciki ta rufe fuska, ita ta ƙarasa da ƙafa. Ƙofar gidan da kwaɗo a jiki. Wata maƙwabciya da ke shanya ta dube ta, ta dubi hagu da dama, sannan ta matso.

"Tun Talata suna asibiti. Ya ce a matakala ta faɗo."

Mama ta ɗaga kai ta dubi gidan. Ba bene ba ne, ko tudun bakin ƙofa babu.

"Yarinyar fa?"

"Tana makaranta, ni nake kai ta." Matar ta matse wata riga da ta riga ta matse. "Mun ji, Mama. Kullum muna ji. Amma na ranar Talata ya fi na kullum."

A ɗakin mata na asibitin, gadon 'Yar Kwala ne na ƙarshe, a jikin taga. Abin da Mama ta fara gani hannun dama ne, an naɗe shi da farin filasta tun daga yatsu har gwiwar hannu, an ɗora a kan matashi. Mijin na zaune a kujera yana ɓare lemo. Da ganin Mama ya miƙe ya durƙusa.

"Mama, da kanki? Ai da kin kira. Tsautsayi ne, wallahi wannan makon sai addu'a."

Mama ba ta iya ƙarya ba, duk shago an sani, in ta yi sai hancinta ya riƙa zufa. Ran nan ta yi ta ba ko gargada. "Surukina, Allah ne ya haɗa mu. Wayar bayan teburin guga ce ta yi tartsatsi har da hayaƙi, mun kashe komai, ga aikin makaranta na jira. Wani ya ce zai duba, na ce ba mai taɓa aikinka sai kai. Taimaka ka je, ni zan zauna da ita."

Ya dubi matarsa. Idonta a rufe. Ya ɗan yi jim, sai dai an taɓo inda yake da ƙaiƙayi. "Aikina ba ya tartsatsi, Mama. Wani ne ya taɓa." Ya ɗauki makullin babur. Sai da Mama ta hango shi ta taga ya fita ƙofar asibitin sannan ta kira Mai Guga. "Ga shi nan zuwa. Ku nuna masa duk wani soket da ke shagon nan, ɗaya bayan ɗaya, har na banɗaki. In ya gama ku ce fanka ma tana ƙara."

Ta jawo kujerar ta zauna. 'Yar Kwala ta buɗe ido.

"Gwaggonki na waje," in ji Mama. "Yanzu ga yadda za a yi. Za mu wuce wurin 'yan sanda, daga nan ki koma gidana, akwai ɗakin da ba kowa, sannan in kira yayyensa in..."

Sai ta ga idon ya fara rufewa kuma, a hankali, irin rufewar wanda ya gaji da a yanke masa hukunci. Irin kallon ranar Litinin ne. Mama ta haɗiye sauran maganar. Sai ta fito da tambayar da ba ta taɓa yi wa ma'aikaciyarta ba cikin shekara talatin.

"'Yar nan, me kike so a yi?"

Hawaye ya gangaro daga idon da ba ya kumbure. Ta yi magana a hankali, amma a jere, kamar wadda ta daɗe da haddace ta.

"A ɗauko min 'yata. A kira min likitar nan mai tabarau, sau biyu tana tambayata yana zaune, ban iya ba ta amsa ba. Ina so ta rubuta gaskiya a takarda. Ba zan je gidanki ba, Mama, nan zai fara zuwa. Kuma kar ki tambaye ni garin da za mu, don in ya tambaye ki ki ce ba ki sani ba, ya zama gaskiya kika faɗa."

Wannan ta ƙarshen ta yi wa Mama ciwo, amma ta ce to.

"Hannun fa?"

"Ya ce na je na tona masa asiri a shago, mata sai kallonsa suke. Ya ce in nuna masa hannun da nake ɗinkin da ya sa nake ɗaga masa kai." Ta ɗan yi wani abu mai kama da dariya. "Wannan karon da gaske ƙofa ce, Mama. Ya sa shi a jikin ƙofa ya rufe. Sau uku."

Mama ta kifa kanta a bakin gadon. Ba ta yi kuka irin wannan ba tun ranar da ta rasa cikin nan. "Ni na kira shi. Da bakina na kira shi, na miƙa ki. Ki yafe min."

"Alheri kika yi niyya, Mama. Na sani."

Da zaginta ta yi, da ya fi sauƙi. 'Yar Kwala ta ɗora hannun hagu a kan ɗankwalin Mama, ta ƙara da cewa, ba da faɗa ba, kamar mai magana da kanta, "Kwana uku kawai na roƙa."

Sauran abin ya tafi da sauri. Likitar ta zo ta ja labule, ta saurara, ta rubuta, ta kira wata mata daga ofishin da ke kula da masu irin wannan matsala. Mama ta hau motar ta je makarantar. Shugabar ta san ta, ita ke ɗinka musu kaya, ta karanta 'yar takardar da uwar ta sa wa hannu da hagu, ta sa aka kira yarinyar. A mota yarinyar ta zauna shiru, jaka a cinya. Mama ta dubi wuyan rigarta, kwalar a kwance lif, tsini biyu daidai wa daida. Ta kau da kai ta dubi titi.

Kafin la'asar 'Yar Kwala da 'yarta da gwaggon sun tafi. Mama ta tsaya a ƙofar asibitin har motar ta sha kwana, ƙullin kwala ashirin ɗin nan yana hannunta har lokacin, ta manta da shi.

Mijin ya zo shagon washegari, ya zo jibi. Ran farko da kuka, ran na biyu ba durƙuso ba murmushi. Mama ta tsaya a bakin ƙofa, maigadi a gefenta, ta ce ba ta san inda suke ba, kuma gaskiya ta faɗa. Ta ce in ya sake taka ƙofar nan za ta kira hukuma, takardar likita na nan. Matan shagon takwas suka fito suka jeru a bayanta, Mai Guga da dutsen guga a hannu, wai mantawa ta yi ba ta ajiye ba.

Baƙin littafin nan Mama ta yage shi shafi-shafi. Ta sayo sabo, ta riƙa kiran matan ɗaya-ɗaya a keɓe, kowacce ta faɗi da bakinta wanda za a kira in wani abu ya same ta, da wanda ba za a kira ba. Biyu daga cikinsu ba su ba da sunan miji ba, Mama ta rubuta ba ta ce don me ba. Ta sa aka kwashe rabin buhunan ɗakin ƙyallaye, aka sa katifa da fanka, aka buga sakata ta ciki. A bayan ƙofar ta manna lambar matar ofishin nan, inda mutum zai iya kwafa ba wanda ya gan shi. Duk da haka ba ta ji sauƙi ba. Kullum ta wuce keke na uku a layin taga, da murfinsa yadda aka gyara kusurwarsa, sai zuciyarta ta yanke.

Bayan wata biyar wani direban motar haya ya kawo ƙaramin ƙunshi, ya ce wata tsohuwa ce ta ba shi a tasha. Mama ta kwance a kan teburin yanka. Kwala ce guda ɗaya, fara. Ɗinkin ya yi tafiyar maciji, tsinin dama ya fi na hagu tsawo da kusan rabin inci. Da 'yar takarda a ciki, da rubutu mai rawa.

"Mama, muna lafiya, yarinya ta shiga makaranta. Yatsu biyu sun ƙi lanƙwasuwa, likita ya ce haka za su zauna. Wannan ita ce ta sha ɗaya da na gwada, ita ta fi kyau. Ki ba wata kekena."

Mama ta miƙa wa Mai Guga kwalar. Mai Guga ta juya ta, ta sake juyawa, ta shimfiɗa ta a teburinta ta goge ta a hankali, ciki da waje, kamar yadda take goge masu kyau. Mama ta karɓa ta sa a durowarta. Keken kuwa ba ta ba kowa ba.

Wata safiya bayan nan, Mama na yankan wanduna, sai ta ji shagon ya yi mata wani iri, ta rasa mene ne. Sai can ta gane. Ba labarin gishiri a shayi, ba na takalmi wari da wari. Rediyo na zaune ta dafe kai da hannu ɗaya, ɗayan kuma ta riƙe haƙarƙarinta, aljihun da ke ƙarƙashin allura bai motsa ba.

Mama ta ajiye almakashi ta je ta tsaya a kanta. Maganar shekara talatin ta taho da kanta har bakin leɓe. Ta danne ta.

"Zo ki taya ni duba wani yadi," ta ce.

Ta shige gaba zuwa ɗakin ƙyallaye, ta tura ƙofar bayan sun shiga, ta rage murya yadda ba ta saba ba.

"Na ga ba kya jin daɗi. Gida kike son zuwa, ko a nan za ki kwanta?"

Rediyo ta buɗe baki za ta yi raha, har ta fara murmushin. Sai ta dubi katifar, ta dubi sakatar da ke jikin ƙofa, murmushin ya tsaya a rabi.

"A nan, Mama," ta ce. "Don Allah kar ki kira shi."